Gaisuwar Suruki a Tsakiyar Tsere

Mu 'yan keken tsere na Jos ba mu da yawa, amma duk wanda ya taɓa fitowa da sassafe ranar Asabar ya san mu. Mu ne garken nan da ke ratsa Daɗin Kowa a sunkuye, kowa hancinsa a bayan ɗan'uwansa, ana haki kamar an biyo mu da tabarya. Duk cikinmu babu wanda keke ke ciyarwa. Ni dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada, kabeji da karas da tumatir ke riƙe da gidana. Akwai ma'aikatan gwamnati, akwai makanikai, akwai wani fasto mai ƙaton tumbi da in an zo hawan tudu yake manta duk wa'azin da ya yi a kan haƙuri. Abu biyu ne ya haɗa mu: son keke da tsoron matanmu.

Sai na yi bayanin kayan da muke sakawa, don a nan masifar take. Wandon guntu ne, baƙi, ɗamamme, irin wanda in ka saka shi ba ka da sauran sirri da jama'ar gari. An ɗinka masa soso a mazaunai saboda sirdi, shi ya sa in ka sauka kana tafiya sai ka ce yaron da ya yi aika-aika yana tsoron a gane. Sannan ga takalmi. A ƙasansa akwai wani ƙarfe da ke shiga cikin feda ya kulle, ƙas! Kai da keke kun zama abu ɗaya. In za ka tsaya, dole ka murɗa dunduniya waje tukuna ƙafa ta fita. In ka manta, to ƙasa na nan tana jiranka, ba ta gajiya.

Uwargida ta haƙura da abubuwa da yawa. Ta haƙura keken yana kwana a ɗakinmu, don na ce sanyin Jos na cutar da sarƙa. Ta haƙura ranar da ta kama ni a banɗaki ina aske ƙwauri da rezar da take gyara gira. Ta haƙura da bikin ƙawarta da na iso ana kwashe kujeru, da sunan ɗan ƙanwata da na iso bayan an cinye har ƙafafun ragon. Asabar dai ta daɗe da yafe ta, yara ma sun ɗauka ranar ba ta da uba. Abu ɗaya ne ta kafa min doka a kai.

“Baban yara,” ta ce, “na ɗauki komai. Amma ranar da Baba ya gan ka cikin wandon nan, wallahi a ranar keken nan zai bar gidan nan. 'Yan gwangwan zan kira su auna shi a sikeli.”

Ba wasa take ba, kuma tana da hujja. Mahaifinta tsohon hedimasta ne daga can ƙasar Bauchi, mutumin da aka ce ya taɓa mayar da malami gida saboda maɓallin riga guda ɗaya. Lokacin da na je neman aurenta, cewa ya yi bakin dillali ba shi da birki, ba zai ba ni 'yarsa ba. Ita ta tsaya, ta yi kuka, ta rantse masa cewa ni mutum ne mai natsuwa da kamala. Wannan ita ce ƙarya mafi girma da aka taɓa yi domina, kuma shekara tara tana gadinta kamar kaza a kan ƙwai.

To, sau ɗaya a shekara muna shirya tsere na gaske, ba yawon Asabar ba. A tashi daga Daɗin Kowa, a bi ta Bukuru a je Kuru a juyo, sau biyu. Kyautar dai kofin roba ne da aka fesa wa ruwan gwal, amma in ka ga yadda magidanta ke shirya mata sai ka rantse kujerar Makka ce. Waccan shekarar na yi shiri irin wanda ban taɓa yi ba. Na bar tsire, na bar masa da miyar taushe, na rame har abokan kasuwa suka fara tambayata ko gida lafiya.

Ranar Juma'a da la'asar, jajibirin tseren, ina tsakar gida ina goge sarƙa da tsohon buroshin haƙori, sai na ji sallama. Muryar nan ko a mafarki na ji ta sai na gyara zama. Baba ne, da jakarsa da lemarsa da zakara a hannu, babu waya babu saƙo. Tsofaffin malamai ba sa sanar da zuwa, sun saba da dirar sufeto.

Kafin uwargida ta gama buɗe ƙofa, na ɗaga keken na miƙa shi ta kan katanga. Maƙwabcina ya cafe. Shi ɗan Ibo ne mai shagon kayan gyaran mota, ya zo Jos tun yana saurayi, kuma tare muke tsere. Ni ina ce masa Oga, shi yana ce min Alhaji, ko da yake ko filin jirgi ban taɓa rakiya ba.

“Alhaji, wane ne ya zo?” ya raɗa ta kan katanga. “'Yan sanda?”

“Gara 'yan sanda, Oga. Suruki ne.”

“Chineke! Kawo takalmi da wando ma.”

Washegari muka dawo daga sallar asuba ni da Baba, na shiga na zuba babbar riga da hula, na fito na durƙusa na ce zan je Kuru duba wata gonar kabeji da ake son in saya tun tana ƙasa. Ban san abin da ya sa na ce Kuru ba. Ga Vom, ga Barikin Ladi, ga duk ƙauyukan Filato da ake noman kabeji, amma bakin nan nawa ya zaɓi inda ƙafata za ta je da gaske.

“Kuru?” in ji Baba, ya ajiye carbi. “Allah sarki. Ai can na fara koyarwa. Ko mutanenmu na nan da rai, oho.”

Da ina da hankali, a nan zan ji ƙamshin tashin hankali. Amma hankalina na kan agogo. Uwargida ta rako ni bakin ƙofa, tana murmushi saboda Baba na kallo, ta ce ta cikin haƙora, “Ka dai tuna da sikeli.”

Na zagaya gidan Oga, na tuɓe mutuncina na rataye shi a bayan ƙofarsa, na saka wando.

Yanzu, a tseren keke akwai abin da wanda bai sani ba ba zai gane ba. Na gaba shi ke yankan iska, shi ke shan wuya. Na bayansa, in ya manne da tayarsa, rabin wahalar kawai yake sha. Ƙa'ida ita ce a riƙa karɓa-karɓa, kowa ya ja na ɗan lokaci. Ni kuwa dillali ne, na saba cin gumin wasu, shi ya sa in layi ya zo kaina sai tari ya kama ni, ko in tuna ina son shan ruwa. Kaska suke kirana, kuma ban taɓa kai ƙara ba.

Ranar an yi yayyafi da asuba, gari ya yi luf, duwatsu sun wanku. Zagayen farko na laɓe a tsakiyar garke, ko iska ba ta san na fito ba. A zagaye na biyu, da muka juyo daga Kuru muka kama hawan nan mai tsawo, sai wani dogon malamin makaranta ɗan Birom, wanda shi ke cinye kofin kusan kowace shekara, ya miƙe tsaye a kan feda ya tsinke. Oga ya bi shi. Ni kuma na bi Oga, ba don jarumta ba, don dai tayarsa nake riƙe da ita kuma ban san wata ba. Da muka kai saman tudu na waiga, babu kowa. Mu uku ne rak. Shekara bakwai ina tseren nan, abin da na saba gani a gabana mazaunan fasto ne. Ranar sai ga titi fetal.

“Alhaji!” Oga ya yi ihu yana haki. “Malam ya gaji, duba kafaɗa nasa! Ni zan ja har Daɗin Kowa. Kai zauna a baya na, kar ka yi komai, ai ka iya. In mun ga layi na ƙarshe, ka fita ka ci shi!”

Wato mutumin nan ya yanke shawarar ya kashe ƙafafunsa domin ni in ɗauki kofi. Na ji ƙwalla ta taru min a cikin tabarau. Na fara tsara jawabin da zan yi.

Akwai wata mararraba bayan an wuce Bukuru inda 'yan sa-kai masu jan ƙyalle ke tare motoci har mu wuce. Tun daga nesa na hango an tara motoci da 'yan a-daidaita, fasinjoji sun firfito sun yi layi a bakin titi suna kallo. A cikin layin na ga wani mayafi ruwan ɗorawa. Na san mayafin, ni na saye shi da sallah. Kusa da mayafin ga farar riga, ga farin gemu, ga lema. Ashe ina fita Baba ya ce tunda surukinsa ya tuna masa da Kuru, bari ya je ya nemi wani tsohon abokin aikinsa, 'yarsa ta raka shi.

Ina so a fahimce ni da kyau a nan. Babu abin da ya tilasta min. Kaina cikin hular kwano, idona cikin baƙin tabarau, ina gudun da ko uwar da ta haife ni ba za ta shaida ni ba. In na sunkuyar da kai, daƙiƙa biyu na wuce, na ci kofi, na tsira da keke, na koma gida cikin babbar riga ina ba da labarin kabeji. Ƙwaƙwalwata ta gama wannan lissafin tsaf, ta ce wuce.

Amma ni a gidan da na tashi, yaro ba ya wuce babba a kan keke. Sauka ake yi, a ja keken da hannu, a gaishe shi, sai an ba shi baya sannan a hau. Mahaifina ya koya min wannan da bulalar dalbejiya tun ina hawan keken haya, kuma ashe karatun ba a kai ya zauna ba, a hannu ya zauna. To balle suruki. Ban san lokacin da yatsuna suka matse birki ba. Na ji Oga yana kururuwa yana nisa, na ga malamin nan ya waigo yana mamakin irin sa'arsa. Keke ya zo daidai gaban Baba ya tsaya cak, kamar an auna da tef.

A nan na tuna da dunduniya.

Faɗuwar mai takalmin feda ba irin faɗuwar mutane ba ce. Ba ta da sauri. Kana tsaye, kana kallon jama'a, jama'a na kallonka, sai ka fara karkata a hankali kamar buhun dankalin da aka jingina ba daidai ba. Kana da lokacin yin salati, kana da lokacin nadama. Na tafi gaba ɗaya na zube a gefen titi, keke a sama, ƙafafu a manne, taya na juyawa. Wata mata mai tallan gyaɗa ta ce, “Yesu!” Wani direba ya ce, “Ya mutu?”

Na zare ƙafafuna na bar takalman a jikin feda. Na tashi da safa. Na cire tabarau, don ba a gaida babba da baƙin gilashi, na cire hular kwano na riƙe a ƙirji. Sannan na tsuguna. Duk wanda bai taɓa ganin magidanci ya tsuguna cikin wandon nan ba, ya gode wa Allah, ya ci gaba da rayuwarsa.

“Baba, barka da hantsi.”

Ban kalli uwargida ba, amma na ji kallonta a wuyana kamar an ɗora dutsen guga. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Baba ya dube ni sau ɗaya, daga gashin kai zuwa safa. Daga nan ya ɗauke ido ya kafa shi a kan wani dutse can bayan kaina, bai sake saukowa da shi ba.

“Yauwa, samari,” ya ce. “Barka kadai. Sannu da faɗuwa. Ban dai gane ka ba, amma Allah ya yi wa iyayenka albarka, sun yi tarbiyya.”

Ina tsugune ya ci gaba da tambaya.

“Ya gida? Kana da iyali kuwa?”

“Akwai, Baba.”

“Madalla. Suna lafiya?”

“Lafiya lau.”

“Sun san kana nan?”

“Wasu daga ciki sun sani, Baba.”

Bai yi sauri ba. Ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, ya tambayi ruwan da aka yi da asuba ko ya kai unguwarmu. Ina tsugune garken da na bari a baya ya iso, fuuu, suka wuce ɗaya bayan ɗaya, kowa na waige. Can a ƙarshe ga fasto yana tafe yana numfashi kamar injin markaɗe, ya gan ni, ya samu ƙarfin cewa, “Kaska, ka tuba ne?” Sai da shi ma ya ɓace sannan Baba ya ce, “To tashi ka bi 'yan'uwanka, kar su bar ka.”

Na zo na ƙarshe. Malamin Birom ya ɗauki kofinsa. Oga, da ya ƙone ƙafafunsa domina, ya zo na biyar, na same shi kwance a ƙarƙashin bishiya.

“Alhaji, kai ya haukace ne? Ni na mutu a titi saboda kai, kai ka tsaya gaisuwa? Ba za ka iya gaishe shi da yamma ba? Suruki zai gudu?”

“Oga, ba za ka gane ba.”

“Na gane! In nawa ne, zan ɗaga masa hannu, in kai masa kwalba ranar Lahadi, magana ya ƙare!”

Da yamma na shiga gida cikin babbar riga, gwiwar hannu a ɗaye, cinya na zogi. Aka shimfiɗa tabarma, uwargida ta kawo tuwo ta dire shi da ƙarfin da miya ta yi tsalle. Ta koma bakin ƙofar kicin ta zauna inda za ta ji komai.

“Ya gonar?” in ji Baba.

“Alhamdu lillahi, Baba. Kabeji ya yi kyau.”

“Hannun fa?”

“Santsi ne a gona.”

“Allah ya kiyaye gaba. Ai ni yau na ga abin mamaki a hanyar Kurun nan taku. Wani bawan Allah ne ya zo ya zube a gabana. Magidanci fa, da furfura a gemu. Abin da ya saka, in ka ce tsirara yake an shafa masa baƙin fenti, ba ka yi ƙarya ba. Ƙwauri a aske tas kamar na amarya.”

“Subhanallahi,” na ce.

“Kai da ka san gari, irin waɗannan suna da mata kuwa?”

“Wasunsu suna da, Baba.”

“To matan nan 'yan aljanna ne.”

Daga kicin aka ce, “Amin, Baba.”

Haka ya yi ta jan labarin, loma ɗaya bayani ɗaya. Ya kwatanta faɗuwar da hannu. Ya kwatanta yadda tayar ke juyawa a sama. Duk inda ya tsaya, dole in girgiza kai in ce duniya ta lalace. Na tsine wa mutumin nan, na ce ba shi da kunya, na ce da ni ne hukuma da na kama shi. Ban taɓa zagin wani da zuciya ɗaya haka ba.

Sai da ya wanke hannu ya ce, “Amma direbanmu ya ce shi ne zai ci tseren, da bai tsaya ba. Yana gaba, ya ga tsoho, ya tsaya. Wauta ce. Sai dai irin wautar nan ba a samunta a kasuwa, daga gida ake fitowa da ita.” Ya goge hannu da tawul. “Af, jikokina sun ce min kowace Asabar kana gonar kabeji. Ni na yi noma kafin in yi koyarwa. Kabeji ba ya bukatar a duba shi duk mako. Mako biyu-biyu ya ishe shi.”

“Haka ne, Baba.”

Ranar Litinin na kai shi tasha, na dawo na karɓo keken daga gidan Oga, na shigo da shi ta ƙofa kamar mai gaskiya. Uwargida na tsakar gida, ta riga ta ɗaura ɗankwali irin ɗaurin yaƙi, waya a hannu.

“Ajiye shi nan. Yanzu zan aika a kira su.”

“A kira wa?”

“Kar ka raina min hankali, Baban yara. Me na ce maka?”

“Kin ce ranar da Baba ya gan ni.”

“To?”

“To Baba ya gan ni? Kina tsaye a wurin. Da bakinsa ya ce bai gane mutumin ba. Da yamma ya sake ba da labari a gabanki, ya ce wani bawan Allah ne. Yanzu ke, 'yar da ya haifa, za ki tsaya a tsakar gidan nan ki ce hedimasta ya yi ƙarya? Faɗa in ji. In kin faɗa, ni da kaina zan ɗora shi a sikeli.”

Shekara ashirin ina dillanci, ban taɓa ƙulla ciniki mai kyan wannan ba. Ta dube ni, ta dubi keken. Na ga gefen bakinta yana rawa, ko dariya ce ko kuka, har yau ban tantance ba.

Sai ta ajiye waya. Ta tako ta durƙusa a gaban keken, ta kama ɗan ƙarfen nan da ke riƙe tayar gaba, ta ɓalle shi, ta sassauta birki, ta zare tayar cikin daƙiƙa uku. Makaniken ƙungiyarmu ma ba ya yin ta da tsafta haka. Ta rungume ta ta shige ɗaki, na ji ƙarar sif, na ji makulli ya juya sau biyu. Ta fito tana ɗaure makullin a bakin zane.

“Baba bai gan ka ba,” ta ce. “Keke bai bar gida ba. Amma Baba ya ce mako biyu-biyu, shi ma ba zan ƙaryata shi ba. Asabar ɗaya taka, ɗaya tamu.”

Na tsaya riƙe da keke mai ƙafa ɗaya, hancinsa a ƙasa. Na ga dai an yi min rangwame, sai na lallaɓa murya.

“To ranki ya daɗe, wace Asabar ce tawa?”

“Wadda ta wuce,” ta ce, ta miƙo min bokitin wankin yara.